Na Je Lome Tambayar Inda Kakana Ya Fuskanta

Birnin Kebbi zuwa Parakou

Ana kiran asalatu na bar gida. Inna ta rako ni har bakin zaure, ga ciwon ƙafa, tana ta nanata min: "Tambaya ɗaya ce, Sani. Kada surutunka ya mantar da kai."

Tana cikin uwarta aka tafi da mahaifinta, Garba, yaƙin ƙasar Bama, can ƙetaren teku, bai dawo ba. Wani sojan da ya dawo ya ce sun yi masa sallah, sun kwantar da shi yana kallon gabas. Hankalin kowa ya kwanta, har ranar da wani malami ya faɗa a wajen karatu cewa a ƙasar Bama alƙibla yamma take. Tun daga nan Inna ta rasa sukuni, wai ubanta na kwance ya juya wa Ka'aba baya. Kwatsam wani ɗan goro ya kawo labarin cewa akwai saura mutum ɗaya a cikin abokan yaƙinsa, Kofur Mamman, yana Zangon Lome.

Na bi ta Kamba da Gaya, muka haye gada zuwa Malanville. Jandarma ya juya takardata ya ce, "Kasuwanci?" Na ce a'a, ziyarar tsoho. Ya kalle ni kamar wanda bai da aikin yi, ya miƙo min. A Parakou na kwana a tasha, na ci sakwara da soyayyen wagashi, wato cukunsu, har na ji kunyar kaina.

Kwatano zuwa Lome

Daga Kwatano muka bi bakin teku. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi Gulbin Kwara ba, na saki baki har direba ya ce in rufe kada gishiri ya shiga. Da la'asar na sauka Lome, na hau zemijan, wato ɗan acaɓarsu. Ya ratsa da ni unguwar Totsi yana zuba Faransanci, ni ina ta cewa "wi" ba tare da na san abin da nake amincewa da shi ba.

Zango

Da na ji Hausa a Zango sai na ji kamar na cire takalmin da ya matse ni. Na tambayi wata mai sayar da koko inda Kofur Mamman yake, ta ce, "Baba Soja? Ai duk kartiye, unguwar nan kaf, an san shi. Yanzu haka yana ƙofar masallaci yana gyara wa mutane sahu."

Haka na same shi: dogon tsoho, ido ɗaya ya mutu, yana buga sanda a ƙasa yana cewa, "Ku daidaita! Ko a gaban harsashi ba mu yi sahu irin wannan ba." Bayan magariba na durƙusa na gaishe shi, na ambaci sunan kakana. Ya lalubo fuskata da hannu.

"Garba Dogo. Hancin nan nasa ne. Shi ya goya ni muka haye kogi lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni."

Na ce, "Baba, an ce gabas kuka fuskantar da shi."

Ya yi dariya har da tari. "Yaro, wanda ya faɗa muku bai yi ƙarya ba, gudu ya yi da wuri! Mu duka gabas muke sallah a dajin nan, yadda iyayenmu suka koya mana. Mun naɗe Garba a gidan sauro, mun sa shi a rami, sai aka fara ruwan wuta. Kowa ya arce, ba a rufe ba. Ni ƙafata ta ƙi tafiya ta bar shi. Akwai wani Ba'indiye mai kula da alfadarai, Musulmi ne, ya rarrafo ya leƙa ramin, ya girgiza kai, ya nuna mafaɗar rana yana cewa Makka, Makka. Na zage shi tas. Sai ya ja layi a ƙasa da yatsa: nan garinku, nan Makka, nan Bama. Ashe mun wuce ta! Muka shiga ramin mu biyu, muka juya Garba, muka sake masa sallah, muka rufe da hannu."

Ya ɗage wando ya nuna min wani rami a ƙwaurinsa. "Ina fitowa daga kabarin, wutarsu ta same ni. Ita ta hana ni komawa noma, na bi goro har nan. Ban taɓa jin haushinta ba."

Wallahi na yi kuka, ban ɓoye ba. Shi kuwa ya daka min tsawa, ya ce jikan Garba ba ya kuka da cikin wofi, ya sa aka kawo min shinkafa da wake.

Gida

Na ƙi yi wa Inna waya, don ina so in ga fuskarta. Na tarar da ita a kan tabarma, ko sannu da zuwa ba ta yi min ba.

"Ina yake kallo?"

"Makka, Inna."

Ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo da gudu. Sannan ta share ido ta ce, "Yau aka binne ubana. A ɗora tukunyar sadaka."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ga Baba Soja, da wani Ba'indiye da har yau ba mu san sunansa ba.