Albasar Jos da Tantabarun Kaka Ige

Ni boko aji huɗu na tsaya, amma ƙasa na san ta. Shekara ashirin ina noman albasa a fadamar Shagari kafin bayana ya ce ya gaji. Sai na koma Bodinga ina kula da shuke-shuken gidan Hajiya Rabi, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta yi zaman Jos da mijinta har ya rasu. A gidan nan ne wani fure ya so raba ni da abincina. Hajiya ta tsaya a kaina ta ce in bai yi fure bana ba, in nemi wani aikin. Ranar ba ni da abin kare kai sai wata gatana, tatsuniya ke nan, da na ji tun ban iya ɗaure tazuge ba.

Kakata, Kaka Ige, maginiyar tukwane ce a Shagari. Ranar da za ta toya kayanta, tun la'asar ake jera tukwane da tuluna a matoya can bayan gari, a lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanu. Da an sallame magariba sai ta sa wuta. Mu jikokinta tara ne, ɗaki ɗaya muke kwana, kuma ba wanda ke yarda a bar shi gida ranar tuya. Mukan tura dankali gefen toka mu zauna. Ita kuwa tana kan kifaffen turmi da doguwar sanda a hannu, kunne ɗaya na wajenmu, ɗaya na wajen wuta. Tana tsakiyar magana in ta ji ƙas, sai ta ce, "Tulun Hajo na. Na hwaɗa mata bai bushe ba." Ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ni nake zama can baya, don tsoron tartsatsi. Ba ta taɓa ƙyale ni ba.

"Angona, matso. Miji na gudun wuta, wa za shi hura min ita in na tsuhwa?"

"Ai kin riga kin tsuhwa."

"Ji min raggo! Na sake ka."

Sai an gama dariya take farawa, kuma ba ta buɗe gatana yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga baƙuwa ta iso da ƙishi, wa ka ba ta ruwa?" Mu ce, "Mu na, Kaka, ta shigo."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta tantabaru bakwai. Wai suna zaune cikin wata tsohuwar tukunya a bisa katangar wata matalauciya. Tukunyar ta yi musu kaɗan, wannan bisa wannan, wutsiyar ɗaya a bakin ɗaya. Amma in gari ya waye suka fara waƙa, masu zuwa rijiya sai su ajiye tulu su saurara, kuma ƙwai ba ya yankewa a tukunyar. Wani attajiri ya ji waƙar, ya leƙa ya ga yadda suke, tausayi ya kama shi. Ya sa aka gina wa kowace rumbu nata ita kaɗai, aka cika da gero. Tantabaru suka ci suka yi ɓul-ɓul, gashinsu na ƙyalli. Attajiri ya shimfiɗa buzu yana jiran waƙa. Wata ya wuce, shekara ta wuce, ba waƙa ba ƙwai.

Nan Kaka ke maƙale murya ta zama babbar tantabara. "Waƙar mi, Alhaji? Can da kag ganmu, gwiwar wance na cikin haƙarƙarina. In ban yi waƙa ba, hwaɗa za mu yi."

Attajiri ya ce to a mayar da su. Aka ɗauko tukunya, ashe sun yi ƙibar da ko uku ba za su shiga ba. Sai da suka yi damina biyu suna ramewa kafin bakwai ɗin suka koma ciki, waƙa ta dawo. Kaka ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Baƙuwa ta sha ruwa ta wuce. Kowa shi tono dankalinai."

Mu dai mun ɗauka wayo take mana don mu bar ƙorafin ɗakin kwana. Wataƙila ma hakan ne.

To, furen Hajiya. Ita tana ce masa agafantus, ni bakina bai iya ba, albasar Jos nake ce masa. Gajeren iri ne, bai kai gwiwa ba, ganyensa dogaye masu santsi. Da na fara aiki na same shi cikin tukunya ɗaya, ya cika ta maƙil, saiwoyi farare masu kaurin yatsa har sun leƙo waje. Manomin albasa in ya ga haka ransa ɓaci yake, don mu a wajenmu shuka ta matsu, a rarraba ta. Hajiya ta yi tafiya Sakkwato kwana uku, na fasa tukunyar, na yayyage shi gida goma sha huɗu, na ja fangali a gindin katanga, na dasa taƙi ɗaya tsakani. Na zuba takin tumaki, ruwa safe da yamma. Har ina jiran yabo.

Shekara biyu ganye ya yi kore shar, fure ko ɗaya babu. Uku ma suka ruɓe da damina, don ruwa na kwanciya a wurin.

"Malam Garba," in ji Hajiya, "marigayi maigidana Alhaji ne ya dasa wannan da hannunsa, kuma duk shekara yana fure. Ganye na ɗauko tun daga Jos? In ganye nake so ai da alayyahu na shuka."

Tana faɗa ina kallon ganyen nan masu ƙiba suna ƙyalli a rana, kowanne shi kaɗai a filinsa, sai na ji muryar Kaka a kunnena kamar tana kan turminta. Na ce, "Hajiya, ranki shi daɗe, can Jos ƙaƙa shike zaune?"

"A tukunyar da ka fasa mana. Alhaji bai taɓa sake masa ita ba. Cewa yake ya fi son matsi."

"To don mi ba ki hwaɗa min ba?"

"Ka tambaye ni?"

Ban tambaye ta ba. Na haɗiye wannan, na gaya mata gaskiya. Na ce laifina ne, kuma bana babu fure, ko ni ko wani. Na ce in ta kore ni, wanda za ta ɗauko zai ga bai yi fure ba ya ƙara masa taki, ya ƙarasa shi. Na roƙe ta ta ba ni damina biyu.

Ta dube ni. "Wa ya ce maka biyu?"

"Kakata."

"Ta san agafantus ne?"

"Ta san tukunya."

Ta juya za ta shiga ciki, sannan ta ce, "Biyu. In ta uku ta same shi haka, kada ta same ka."

Na tono goma sha ɗayan da suka rage, na cusa su cikin tukwanen ƙasa uku, huɗu, huɗu, uku. Na huda gindin kowace na sa tsingaro don ruwa ya riƙa wucewa. Ƙasar rabi yashi ce. Takin tumaki na daina, sai ɗan tafin toka jefi-jefi. Na ajiye su gabas da ɗaki inda rana ke dukansu tun safe, don a inuwa ba ya fure. Amma ranarmu ba ta Jos ba ce, saboda haka da bazara, in azahar ta yi, sai in ja su ƙarƙashin dogon yaro, da wannan bayan nawa. Da sanyi na rage ruwa har Hajiya ta ce ko kashe shi zan yi.

Damina ta farko ba komai. Gaisuwar Hajiya ta koma kalma biyu. A ta biyu, wata safiya na ga sanda ta fito daga tsakiyar ganye da ɗan kai kamar na mashi. Suka zama biyar a tukwane biyu. Da suka buɗe, kowace sanda na ɗauke da dunƙulen ƙananan furanni, shuɗi kamar an tsomo su daga marina. Tukunya ta uku har yau ba ta yi ba, ban san dalilinta ba. Hajiya ta sa aka fito mata da kujera ta zauna gabansu har hantsi. Da za ta tashi ta ce, "Malam Garba, ka karya kuwa?"

Kada wani ya ce na ce ƙunci daɗi gare shi. Na sha shi, na san ɗacinsa, kuma ban ga mutumin da yunwa ta sa shi waƙa ba. Abin da na gane bayan furfura ta fito mini shi ne, attajirin nan ba mugu ba ne, kuma wannan ne abin tsoron. Ya leƙa, ya ga abin da shi ba zai iya zama cikinsa ba, ya yi gyara bai tambayi masu wurin ba. Ni da ba ni da rumbu ko ɗaya na yi irin aikinsa da fartanya.

Bana saiwa ta tsaga tukunya ɗaya, dole a sake. Na hau mota na je Shagari wajen Hadiza, 'yar ƙanwata, wadda ta gaji ginin Kaka. Na auna mata tsohuwar da igiya, na ce ta ƙara faɗin yatsu biyu.

Ta ce, "Kawu, yumɓu bai ƙare ba hwa. Bari in yi maka babba, abin shi sake."

Na ce, "Yatsu biyu, Hadiza. Naki, ba nawa masu kauri ba."