Abin da Ban Tambayi Baba Ba Game da Jirginsa

A lokacin ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu a birnin Greensboro, can ƙasar waje, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Bayan rasuwar Mama na ɗauko Baba daga Lokoja ya zauna da mu. A ƙuruciyarsa ya yi aiki a jirgin ruwa mai tururi, wanda ke kai fasinja Yola ta kogin Binuwai idan ruwa ya kawo. Shi ke tsayawa a goshin jirgi da doguwar gora yana gwada zurfi, yana sanar da matuƙi, kada su hau yashi.

Jirgin ya daɗe da daina tafiya. Yana jingine a bakin kogi, tsatsa ta ci gindinsa, 'yan gwangwan suna ɓallar ƙarfensa. Sai 'ya'yan tsofaffin ma'aikatansa suka haɗa ƙungiya don su gyara shi, ko ba zai sake tashi ba a riƙa zuwa gani. An riga an kwashe cikinsa, hoto kuma babu. Suka ce Baba ne kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san shi, suka roƙe ni in ɗauki muryarsa a waya yana faɗin yadda yake. Baba ya yi murna har ya sa in goge masa babbar riga, wai ba a maganar jirgi da kayan barci. Na ce masa sai Asabar. Duk sanda muka fita cefane ta titin Gate City Boulevard yakan soma labarin a mota, ni kuwa hankalina na kan hanya, yara suna amsa masa da Turanci. Yakan yi dariya ya ce mai gora bai saba magana a ƙi ji ba. Asabar ta yi ta wucewa har ciwo ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in shugaban ƙungiyar ya kira ya yi mini ta'aziyya. Cikin jin nauyi ya tambaya ko Baba ya taɓa faɗin inda mata ke girki a jirgin, da inda ake sallah. Na san ya faɗa, muryarsa ma ina ji, amma kalmomin sun ɓace mini. Na ce ban sani ba.

Yanzu suna fenti da hasashe. Nakan yini a wurin aiki ina sauraron iyayen wasu, nawa na bar shi sai Asabar. Wanda tsohonsa ke raye, idan ya soma labari, ya samu wuri ya tsaya da motar.