Cindon Jikata

Ranar muna tsakar gidanmu na Zongo: ni, da ɗana na fari da ke aikin shago a kasuwar Ganhi, da matarsa mai jego, da uwarta da ta zo daga garin Kalavi, sai Hajiyar maƙwabta mai sayar da atamfa. Jaririyar tana cinyata. Wanda babu shi ne maigidana, ya riga mu gidan gaskiya da daɗewa.

Ni na fara gani, don ba a kawo mini jariri ban juya shi ciki da baya ba. A gefen ƙaramin yatsanta na hagu akwai cindo, ɗan yatsa na shida, yana lilo kamar ƙwayar wake.

Maigidana ma haka hannunsa yake. Ni ban taɓa shiga aji ba, shi ke karanta mini labarin halitta da Hausa, yana bin layi da yatsa, cindon nan yana jan takarda a baya. Yakan ce Ubangiji ya ba shi yatsa ɗaya don kowace ranar aikin halitta. Sai ya ƙirga mini: haske, sarari, ƙasa da tsiro, rana da wata, kifi da tsuntsu. In ya zo kan cindon ya ce, "Nan aka yi mutum. Dubi ƙanƙantarsa, amma ya fi kowa surutu." Tun da ya tafi ban sake jin labarin da harshena ba. A majami'armu da Faransanci ake yi, ina zaune ne kawai ina kallon bakin fasto.

Matar ɗana ta ce, "Inna, gobe za mu kai ta asibiti a cire."

Na ce, "A cire me? Halittarta ce. Wanda ya yi ta bai iya ƙirga ba ne?"

Hajiya ta yi dariya. "Ke dai, tsohuwa! Mu da zare muke ɗaurewa, ya bushe ya faɗi. Wa zai sa mata lalle a yatsa shida?"

"Ni zan sa."

Ɗana bai ɗago kai ba. Can ya ce, "Inna, kin san hannun Baba kullum yana aljihu in mun shiga kasuwa? Ni na sha duka a lakwal, wato makaranta, saboda sunan da yara suke kiransa. Wanda ya yi yatsan shi ya yi likitan."

Na san da aljihun. Na ɗauka tafiyarsa ce haka.

Ban ce na yarda ba. 'Yarsu ce. Na riƙe hannun nan har la'asar, aka yi ta miƙo hannu a karɓe ta in ce ba ta farka ba.

Da safe na dafa ruwa na yi mata wanka da kaina. Na buɗe ɗan tafin hannunta na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da Hausa, daga haske har kifi da tsuntsu. Da na zo kan na shida na faɗa mata abin da kakanta ke faɗa. Sannan na naɗe ta a zanena na Lahadi, na miƙa wa uwarta, na ce ta riƙe ta da kyau a kan babur har su isa asibiti.