Gaisuwar da Kaltouma Ta Kai Oklahoma

Duk wanda ya saba shiga bas ɗin safe da ke zuwa tashar cikin garin Greensboro ya san Anti Kaltouma, ko bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai hijabi ruwan toka da farin takalmin aiki, wadda take zama a kujera ta biyu bayan direba tana jan carbi. A tasha take canja mota zuwa East Greensboro, kuma kafin malamai su iso makarantar firamaren da take aiki, ta riga ta kunna murhu ta jera madara. Shekara goma sha huɗu tana ciyar da 'ya'yan mutane. Ta san yaron da gyaɗa take tayar wa da ciwo, ta san wanda ya baro gida bai karya ba, kuma ludayinta yakan ƙara nauyi idan irin wannan ya miƙo faranti. Ranar Juma'ar da ta wuce, a wannan shekara ta 2008, ta ajiye aikin saboda gwiwoyinta sun ce sun gaji.

Mu 'yan Nijar da 'yan Najeriya na garin nan da wani abu dabam muka fi saninta. Kaltouma 'yar Birnin Kwanni ce, kuma ta taho Amurka da ɗabi'ar garinsu ɗungurungum: ba ta jin an yi rashi ta zauna a gida. Tana da tabarmar roba a naɗe bayan ƙofa da kwalin dabino a saman firiji, kuma ba su taɓa yin ƙura ba. Ɗantala, direban tasi ɗan Zariya, yakan ce shi ba ya yarda ya yi tari sau biyu a gabanta, don yana yi zai ga ta waiwaya tana duban tabarma. Muna dariya, amma babu gidanmu da tabarmar nan ba ta shiga ba a ranar da muka fi bukatarta.

Abin da ya sa take da wannan jinjina ya faro ne daga kicin ɗin makaranta, wajen abokiyar aikinta Miss Earline, wata baƙar fata Ba'amurkiya mai faɗa da yawan dariya. Bayan harin watan Satumba na 2001, lokacin da matanmu da yawa suka daina fita ko kanti don tsoron a tsangwame su saboda hijabi, Miss Earline ta ajiye motarta ta koma shiga bas. Mako shida tana zama kusa da Kaltouma, jaka a cinya, tana hararar duk wanda ya kalle su fiye da kima. Ba ta taɓa cewa ga dalili ba, Kaltouma kuma ba ta manta ba.

Ranar Litinin, 19 ga Afrilu, 2004, da hantsi, Kaltouma ta shiga ɗakin ajiya ɗauko man girki ta tarar da Miss Earline zaune a kan kwali tana kuka. Ashe a rana irin wannan, shekara tara da suka wuce, ƙanwarta tana cikin mutum ɗari da sittin da takwas da bam ya kashe a wani ginin gwamnati a birnin Oklahoma. An gina wurin tunawa da su a can, da gidan tarihi, da fili inda aka kafa wa kowane mamaci kujera da sunansa. Kafin mahaifiyarsu ta rasu ta sa Miss Earline ta yi alkawarin za ta je ta dafa kujerar ta isar da wani saƙo. Sau biyu tana zuwa har bakin ƙofar wurin tana juyowa.

"Ƙafafuna ne ba sa yarda," in ji ta. "Kuma na gaji, Kaltouma. Idan na sake zuwa na kasa, shi ke nan, sai dai Mama ta yafe mini."

Kaltouma ta tattaro ɗan Turancinta ta tambaye ta, "Da aka yi rashin, wa ya zauna da ke?"

"Zama kamar yaya? Na je jana'iza, ranar Litinin na dawo aiki."

Kaltouma ta riƙe baki. A wurinta maganar ta ƙare a nan: an bar mace da gawa a zuciya shekara tara, babu wanda ya shimfiɗa mata tabarma ya zauna kusa da ita, sannan ana mamakin ƙafa ta ƙi tafiya.

Da ta kai batun raka Miss Earline Oklahoma gaban Alhaji Moctar, shugaban ƙungiyarmu, bai ɓoye tsoronsa ba, kuma ba za a ga laifinsa ba. "Hajiya, ki yi tunani," ya ce. "Mata da hijabi, a wurin da bam ya tashi, a wannan zamani? Kowa ya san ba Musulmi ne suka yi wancan ba, amma wa zai tsaya ya tambaye ku? Wasunku ma papers ɗinsu na zama a ƙasar nan ba su fito ba."

"Bon, Alhaji, na ji," in ji Kaltouma. "Wadda papers ɗinta ba su hito ba ta zauna gida, ni ma ban yarda ta bi mu ba. Amma sa'ad da munka ɓuya cikin ɗaki, matar ga ce ta shiga bas da ni. A Kwanni ko shekara ashirin anka yi, ran da ka ji, ran nan gaisuwa ta hau kanka. Ni ran Litinin na ji."

Wani daga baya ya ce ai mamaciyar ba Musulma ba ce. Kaltouma ba ta ko juya ba ta ce, "Ni wurin mai rai za ni."

A watan Yuni, da aka rufe makarantu, mata biyar suka shiga babbar motar Ɗantala tare da Miss Earline. Ɗantala ya ce tafiyar ba ta da wuyar ganewa, hanya ɗaya ce, I-40, daga nan har can, sai dai ta fi mil dubu. Sun kwana a Tennessee. Ranar farko Miss Earline tana ta ba su labarin ƙanwarta, yadda take ƙona shinkafa da yadda take waƙa a coci. Da suka shiga Arkansas sai maganarta ta fara raguwa.

Da safe suka isa wurin. Akwai wata doguwar ƙofa mai kama da bango, kusa da ita kuma shingen waya ne wanda mutane suka rataya wa 'yan tsana da makullai da hotuna. Miss Earline ta yi taku kamar goma ta tsaya cak, ta kama wayar da hannu biyu. "Ku mayar da ni mota," ta ce. "Ku yi haƙuri, na wahalar da ku a banza." Ɗantala ya rantse cewa shi har ya ciro makulli daga aljihu.

Kaltouma ba ta ja ta ba, ba ta kuma yi mata wa'azi ba. Tabarmar da ke hammatarta ta warware a gefen titi, a gindin shingen, ta cire takalmi, ta ce, "Zauna." Miss Earline ta zauna. Sai matan suka jera kamar yadda ake yi a gida, ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta durƙusa ta kama hannayenta biyu. "Ya haƙuri? Ya muka ji da wannan rashi? Allah ya ba da haƙuri." Hamsatou, wadda take aikin jinya kuma ta fi su Turanci, tana fassara mata a kunne. Da suka gama suka zauna kewaye da ita.

Ba a jima ba sai ga mai gadin wurin ya nufo su, hannunsa a kan rediyon da ke kafaɗarsa. Ɗantala ya fara tuno maganar Alhaji Moctar kalma bayan kalma. Ita kuwa Kaltouma, a iya saninta duk wanda ya doso tabarmar makoki gaisuwa ya zo yi, ko da kaki a jikinsa. Sai ta matsa masa wuri, ta nuna ƙafarsa ta ce, "Shoes. Then greet," wato ya cire takalmi ya gaisa.

Mutumin ya tsaya sororo. Ya ce ba a zama a nan, hanyar mutane ce. Hamsatou ta tashi ta gaya masa cewa ƙanwar matar nan tana da kujera a ciki, kuma shekara tara babu wanda ya zauna makoki da matar. Ya dubi Miss Earline, ya dubi takalman da ke jere a bakin tabarma. Sai ya sauke hannunsa daga rediyo, ya cire hula, ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa ya yi mata ta'aziyya ya ce, "I'm sorry for your loss, ma'am." Kaltouma ta danƙa masa dabino uku, kamar yadda za ta yi wa kowa.

To, kun san Ba'amurke da layi. Masu ziyara da suka ga mai gadi ya durƙusa ya tashi, sai suka fara jeruwa a bayansa. Wani tsoho da matarsa daga Texas, wasu ɗalibai, wani ƙato mai babur da zane a damtse. Da yawansu har takalmi suka cire, don sun ga haka ake yi. Ɗantala ya ce da ya ƙirga takalma talatin sai ya bari, saboda idonsa ya daina gani sosai. Wata tsohuwa farar fata ta gaisa ta ƙi tashi, ta ce ita ma ɗanta yana ciki. Kaltouma ta gyara mata wuri kusa da Miss Earline, layi ya koma gaishe da mutum biyu.

Miss Earline ta yi kukan da ba ta samu ta yi ba tun 1995. Ta yi shi da sauti, a gefen titi, babu wanda ya ce mata ya isa. Bayan kamar sa'a guda ta share fuska da gefen hijabin Kaltouma, ta duba hagu da dama ta ce, "Ina takalmina?"

Da ƙafarta ta shiga gidan tarihin, ita ce a gaba. Sun ga makullan mota da tabarau da takalman da aka tono daga ɓaraguzai, an ajiye su a bayan gilashi. A ɗakin da aka jera hotunan mamatan ta nuna musu ƙanwarta tana murmushi, kuma sunan na iyalinta ne, ba za a rubuta shi a nan ba. Daga nan suka fito filin kujeru. Goma sha tara a cikinsu ƙanana ne, na yaran da suka rasu, kuma Kaltouma ta ce da ta gan su kujerun ɗakin cin abincin makarantarta ta tuna, sai nata hawayen suka zubo. Ta tsaya daga gefe don ta bar mai rashi da mamacinta, amma Miss Earline ta juyo ta kama hannunta ta ce, "Taho, ke 'yar gida ce." Tare suka isa. Miss Earline ta dafa kujerar ta ce, "Mama ta ce in gaya miki ta riƙe 'ya'yanki har ƙarshen ranta, kuma babu wanda ya lalace a cikinsu."

Ke ce kika yi wannan, Kaltouma 'yar Kwanni, mai ludayi da tabarma. Ba ki da digiri, Turancinki bai cika cokali ba, amma kin gane ciwon da ya gagari mace shekara tara, kika yi masa magani da abin da uwarki ta koya miki. Ke ce kika fita da hijabinki a lokacin da muke lissafin inda za mu ɓuya, kika kai shi wurin da muka fi jin tsoro, aka cire miki hula. Alhaji Moctar da kansa ya je tarbarku da kuka dawo, kuma har yau idan aka tayar da zancen yakan ce bai taɓa jin daɗin kayen da aka yi masa kamar wannan ba.

Bayan shekara biyu aka bugo waya daga Kwanni cewa mahaifiyar Kaltouma ta rasu, kuma ba ta samu zuwa ba. Muna zaune a falonta da rana sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Miss Earline ce da mata shida 'yan cocinsu, da mai babbar hula da mai sanda. Suka cire takalma suka jera. Miss Earline ta durƙusa da ƙyar, don ita ma gwiwar ba lafiya ba, ta kama hannayen Kaltouma biyu ta ce da Hausa, "Ya haƙuri?" Ba su tafi ba sai da suka zauna har la'asar.

Mun gode, Anti Kaltouma. Yaran da kika ciyar sun gode, gidajenmu da kika zauna a ciki sun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa hutun ya yi albarka, ya saka miki da abin da ya fi wanda kika yi. Mu kuma da muka rage, kowa ya duba wurin aikinsa da maƙwabtansa, don da wuya a rasa wani da ke ɗauke da rashin da ba a taɓa zama da shi a kai ba. Tambayar da za a yi masa ba ta da tsawo, kuma Kaltouma ta riga ta koya mana ita a ɗakin ajiyar kicin: wa ya zauna da kai? Idan ya ce babu, a ɗauko tabarma.