Jirgin Malam Bitrus

Ba na jin zan taɓa mantawa da Larabar da na kai ƙarar Malam Bitrus. A lokacin ni ne babban maigadi a wata sakandaren mishan a Kafanchan, da mutum uku a ƙarƙashina. Ƙa'idar aikinmu ita ce, duk abin da ka gani hankalinka bai kwanta da shi ba, ka rubuta a littafin rahoto, a kai wa mataimakiyar shugaba, ita kuma ta kai gaban kwamiti. Shekarar nan kuwa ƙauyuka ba lafiya, an ja mana kunne sosai.

Malam Bitrus sabon malamin kwamfuta ne, mutumin Kwoi. Bayan an tashi makaranta ina zagayen duba tagogi, sai na ji ƙugin inji a ɗakin kwamfuta. Na leƙa. Ga shi zaune, abin saurare a kunne, hannunsa a kan wata 'yar sanda kamar giyar mota. A fuskar kwamfutar kuma ga dutsen Kagoro, ga layin dogo, ga garinmu a shimfiɗe, daga sama. Ya karkata sandar, gari ya karkata. Yana kuma amsa wa wani da Turanci, yana jero lambobi.

Ban yi sallama ba, ban tambaya ba. Na koma na rubuta: "Malamin kwamfuta yana tura jirgi leƙen asirin gari." Har na ja layi biyu a ƙasa.

Washegari aka dakatar da shi, ga shi ba a ma tabbatar masa da aikin ba tukuna. Kafin Lahadi magana ta kai kasuwa.

Ranar zaman kwamiti, Mama Saratu, mataimakiyar shugaba, ta sa aka kawo kwamfutar. Faston makarantar ma yana cikin kwamitin. Malam Bitrus ya bayyana cewa manhaja ce ta koyon tuƙin jirgin sama, kowa na iya sa ta a kwamfutar gida. Da hotunan sama aka zana ƙasar da ke ciki, shi ya sa Kagoro ta fito, kuma muryar da yake amsa wa ta manhajar ce. Darasi yake shirya wa ɗalibai.

Na ce, "Mama, ni dai da idona na ga gari yana motsi."

Ta ce, "To Baba Ayuba, zauna ka tuƙa. Fasto zai fita ya duba sama. In ya ga jirgi, yau Malam Bitrus ya bar aiki."

Na zauna ina gumi. Mutumin da na nemi raba shi da abincinsa shi ya tsaya a kaina yana koya mini. "Baba, a hankali, ba keke ba ne. Ja baya kaɗan."

Na ja da ƙarfin manomi. Jirgi ya miƙe tsaye kamar akuya mai neman ganye, ya juya, ya faɗo tsakiyar gona.

"Shi ke nan, Baba," in ji shi, "ka tone wa mutane citta tun ba ta nuna ba."

Fasto ya leƙo ta taga ya ce, "Shaho ɗaya na gani, shi ma bai faɗo ba."

Aka yi dariya, aka mai da shi bakin aiki. Ni ma na yi dariya, na ɗauka magana ta ƙare. Sai daga baya na ji matarsa ta daina zuwa zumuntar mata a coci, don in ta zauna a benci sai a matsa. Ashe dariyar ta tsaya a ofis, zargin ne kawai ya kai kasuwa. Dole na nemi izini ranar Lahadi a coci, lokacin sanarwa, na tsaya da furfurata a gaban jama'a na ce ni na yi kuskure.

Da muka fito Malam Bitrus ya kama hannuna ya ce, "Baba, da ka ƙwanƙwasa ƙofa, da tun ranar ka fara darasi."

Ku da kuke gadi yanzu, an ɗauke ku don ku gani, amma gani rabin aikin ne. Na yi shekaru ina tsare baƙo a ƙofa da tambayar ina za shi, wurin wa ya zo, amma abokin aikina ban yi masa tambaya ko ɗaya ba. Kafin ku buɗe littafin rahoton nan, ku fara buɗe baki.