Babin Da Lawwali Ya Koma Ɗaukowa

Ranar Talata da safe Lawwali ne ya sauka sayo ful, wato dafaffen wake, da burodi, don ni ba na iya jure layi. Ɗan Gusau ne, ya girme ni da shekara huɗu. Shi shari'a yake karanta, ni tarihi. Shekara uku muna ɗaki ɗaya a hawa na huɗu a unguwar Madinat Nasr da ke Alƙahira. Watan Agusta ne na 2013, ko mako ba a cika ba da ƙaramar Sallah. Tafiyar minti goma daga gidanmu akwai dandalin da mutane suka kafa tantuna, suna zaman dirshan tun kafin azumi saboda sojoji sun hamɓarar da shugaban ƙasa.

Da ya ajiye kwanon sai ya ce mai ful yana haɗa kayansa zai bar unguwar. Ya ce mu ma mu ɗauki jakunkunanmu mu koma unguwar Darrasa wajen ɗalibai 'yan'uwanmu, ko da na mako guda ne.

Dariya na yi masa. A lokacin ina rubuta kundin digirina na biyu a kan yaƙin da Amurkawa suka yi da Ingila don ƙwatar 'yancinsu, kuma na ɗauka babu wanda ya kai ni sanin yaƙi a duk Alƙahira. Shi ya sa Lawwali yake kirana Janar. Babi uku na yi wa kundin: dalilan yaƙin, yadda aka gwabza, da abin da ya biyo baya. Na zaunar da shi na yi masa lacca ful ɗinsa yana hucewa. Na ce Ingila ta ɗora wa mazauna can haraji a kan takarda, ta ɗora a kan shayi, alhali ba su da wakili ko ɗaya a majalisarta. Suka yi koke, suka ƙaurace wa kayanta, suka zubar da ganyen shayi a teku a Boston. Shekara goma ana wannan ja-in-ja kafin a harba bindiga a Lexington, sannan aka yi shekara takwas kafin a sa hannu a sulhu. Na ce yaƙi yana da matakai, mu kuwa har yanzu a babi na ɗaya muke.

Bai yi musu ba. Ba mai musu ba ne. Ya ce tamam, ya ɗauki wayarsa yana kallon hoton 'yarsa. Cikin azumi matarsa ta haihu a Gusau, kuma saura kwana tara jirginsa ya tashi.

Ban gaya masa ainihin dalilina ba. Da hannu nake rubutu, da Larabci, sai in kai wa wani mai shago a layinmu ya buga. Babi biyu sun fito. Na ukun yana cikin koren fayil a ɗakinmu, kwafi ɗaya tal, kuma mai shagon ya yi mini alkawarin zai karɓa ya buga ranar Laraba. Saboda wannan alkawarin na hana mu tashi.

Laraba, ƙarfe shida da rabi, jirgi mai saukar ungulu ya wuce ƙasa-ƙasa har tagoginmu suka yi rawa. Ƙarfe bakwai muka ji lasifika daga wajen dandalin, ba ma gane abin da ake cewa. Sai rugugin manyan motoci. Sai harbi, ɗaya-ɗaya da farko, daga baya ba ƙaƙƙautawa. Bakwai da rabi hayaƙi mai sa hawaye ya shigo ta tagar kicin. Lawwali ya jiƙa tawul biyu ya miƙo mini ɗaya. Bai ce mini komai ba game da jiya, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ƙarfe takwas da kwata Ammu Sayyid, maigadin gidan, ya buga ƙofa da tafin hannu.

"Yalla! Ku sauko! Kowa ya sauko!"

Muka ɗauki fasfo muka sauka. A bene na cire tabarau ina murza ido, wani ya bangaje ni, tabarau ya tafi. Idan babu shi ba na gane fuskar mutum daga taku biyar. Lawwali ya riƙe wuyan hannuna yana ja. Muka bi layin baya, muka wuce shagon mai bugun, ƙofarsa a garƙame. Ƙarfe takwas da rabi muka kai kusurwar wani kantin magani. Nan harbin ya ɗan yi nisa. Nan kuma na tuna.

Ban roƙe shi ba. Na daɗe ina faɗa wa kaina haka, amma ba ya sanyaya mini rai. Tsayawa na yi cak na ce, "Fayil ɗina." Na san wanda nake faɗa wa. Na san ba zai bar makaho ya koma ba.

"Tsaya nan, Janar! Kada ka motsa!"

Na tsaya. Na jingina da ƙofar ƙarfen kantin ina ƙirga numfashi. Minti biyar ne zuwa gida, biyar dawowa, ga hawa huɗu. Na lissafa masa minti ashirin. Ban kai sha biyar ba sai ga jama'a sun kwararo daga layin da ya bi, mata da maza, wani yana ɗauke da wani a kafaɗa. Wani abu ya bugi ƙofar kusa da kunnena, ƙarar kamar an jefi kwano da dutse. Wani ya yi ihu, "Ku gudu!" Na gudu. Ban waiwaya ba, ban kira sunansa ba.

Babu motar haya ko ɗaya a titi. Na bi bayan wani tsoho mai farar jallabiya, don ita kaɗai nake iya gani sosai. Sha ɗaya muka kai Abbasiyya. Wata mata ta ba ni ruwa a gora. Ana kiran azahar na shiga Darrasa, takalmi ƙafa ɗaya. Ɗalibai suka tambaye ni ina Malam Lawwali. Na ce mun rabu a hanya. Ƙaryar farko ke nan, kuma na maimaita ta sau da yawa a ranar. Wayarsa tana shiga har la'asar, daga nan ta daina.

Ranar Alhamis muka same shi a wani masallaci, cikin sahun gawawwaki, an ɗora musu ƙanƙara saboda zafi. Harsashi ɗaya ne, a ƙasan wuya. Ba mu san wanda ya harba ba. A babi na biyu na taɓa rubuta cewa har yau ba a san wanda ya fara harbi a Lexington ba, kuma na tuna yadda na ji daɗin jimlar lokacin da na rubuta ta.

A babi na uku akwai waɗanda yaƙin ya kora: masu biyayya ga sarkin Ingila da suka cika jirage zuwa Kanada, da bayin da suka gudo wajen Turawan Ingila don alkawarin 'yanci, waɗanda wasunsu suka ƙare a Saliyo. Shafi ɗaya da rabi na ba su, ina shan shayi.

Bayan mako guda na koma kwashe kayanmu. Ammu Sayyid ya shiga ɗakinsa ya fito da koren fayil. Ya ce a ƙarƙashin hannun Lawwali ya zaro shi kafin a ɗauke gawar. Na tambaye shi a ina. Ya ce a kusurwar kantin magani, jikin ƙofar ƙarfe. Masu kallo daga saman bene sun ce Lawwali ya daɗe a tsaye a wurin, yana duba hagu da dama, kowa yana gudu shi ya ƙi tafiya.

Na aika da akwatinsa Gusau, da 'yan rigunan jarirai uku da ya saya a kasuwar Ataba. Fayil ɗin yana wajena, ban kai shi bugu ba. Na ƙirga shafukan a ranar. Arba'in da uku ne, babu wanda ya ɓata.