Kiran Ruwa a Faifan Garmaho

A gungunmu, tsibirin da aka haife ni kafin dam ya shanye shi, akwai kira guda da ba a yi don wasa. In jirgi ya kife, ko ruwa ya ja mutum, mace ɗaya ce ke hawa dutsen bakin ruwa, ta dafe kunne, ta saki murya. Ba kuka ba ne, ba guɗa ba ce. Yana tasowa daga ƙasa, ya hau, ya karye, ya sake hawa. Duk namijin da ya ji, ko alwala yake, ko yana gaban tsafin kakansa, ko yana bayan gida, filafilin tuƙa jirgi zai sura ya yi bakin ruwa. Ba a tambayar wa ya faɗa sai an tsamo shi. A zamanina mai wannan kira Inna ce, uwar da ta haife ni.

Ni an sa ni elementare a Yelwa shekarun da Turawa ke haɗa kayansu, na fito ban gama ba. Bokon bai kai ni ofis ba, ya kuma hana ni duƙawa a gonar albasa. Da aka soma aikin dam na tafi lebura. Can na tarar da mutanen Kudu da jita, na manne musu har yatsuna suka koya. Na riƙa ƙaga waƙoƙina da Hausa, na 'yan mata da na kewar gida, ina yi wa leburori. Wani direban tifa ya ji, ya ce yana da ɗan'uwa a kamfanin faifai a Ikko. Haka kawai. Ba mafarki na yi ba, ba wani malami ya duba mini ba.

Ɗakin ɗaukar murya ba shi da taga. An lulluɓe bangonsa da wani abu mai laushi, ko tari ka yi sai ɗakin ya haɗiye. Suka haɗa ni da mai ganga da mai busa ƙaho, muka yi waƙoƙin da za su cika babban faifai gaba da baya. Mai ɗaukar muryar, wani ƙaton mutum mai Hausar kasuwa, ya fito daga bayan gilashinsa yana share gumi.

"Aboki, waƙa naka duka tuwo ne, ba miya. Wanda zai buɗe faifai sai ya shaƙe mutum a wuya. Ba ka da wani abu na garinku?"

Na tsaya. Na ce ina da shi. Na dafe kunne na saki kiran Inna.

Mai ƙaho ya sauke ƙahonsa. Ƙaton ya ce, "Sake!" Na sake. Suka ɗora ganga a ƙarƙashi, na jona masa baitin wata yarinya da ta tsallake kogi ta bar ni, aka sa shi farkon faifai.

Kada wani ya ce yarinta ce, da gemuna. Abin da na faɗa wa kaina shi ne gungu zai nutse, dutsen zai nutse, mutanen za a kwashe su a zuba a tudu. Kiran ya mutu ke nan, gara in ajiye shi inda ruwa ba ya kaiwa. Dabara ce mai kyau, irin wadda mutum ke samu in ya riga ya yi abin da ya ga dama.

Faifan ya fito ruwa na hawa. Aka buga ya ƙare, aka sake bugawa ya ƙare. Hotona na jikin kwalin, na karkace hula na rungume jita kamar jinjiri. Mai shayi yana da shi, tela yana da shi, a tashar mota sai ka ji shi ta fuska biyu yana karo da kansa. Lokacin yaƙi ne, sojoji na aiko da gaisuwa ta rediyo su ce a sa musu waƙata ta farko. A gidajen rawa na Kaduna, da an saki kiran sai mata su dafe kunne su kwaikwaya suna dariya. Na yi babur, na yi agogo. Masu kanti na Yelwa da ke ce mini Bagunge mai ƙarnin kifi suka koma miƙo mini kujera. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi, har yau ma in na tuna kujerar nan ina jin daɗi.

Kafin in waiwayi gida an riga an kwashe mutanenmu zuwa sabon ƙauye wajen Wara, gidajen siminti a jere kamar haƙora. Na zo da garmaho mai batir. Da hantsi na ajiye shi ƙofar gida, na ɗora allura, na ƙure murya.

Ƙauyen ya fashe. Liman ya fito da butarsa a hannu, mai wa'azin coci ya fito ba takalmi, kawuna, ƙanin Inna, ya fito daga wanka da kumfa a ka, kowa da filafili, suka wuce ni a guje. Suka tsaya bakin tabki suna dube-dube. Ruwa lafiya lau. A bayansu ganga ta shigo, ga muryata tana zancen yarinya.

Kawu ya dawo yana haki. "Wa ya faɗa?"

"Ba kowa, Kawu. Waƙata ce."

Ya dubi garmaho, ya dube ni. "To madalla, ɗan boko. Ran da ka faɗa ruwa, wanga baƙin faranti za mu jefa maka ka kama."

Aka kwashe da dariya. Samari suka ce a maimaita, na maimaita. Inna na tsaye bakin madafa da muciya.

"Wa ya ba ka?"

"Inna, ai har Ikko an san kiranki yanzu."

"Mi ya haɗa ni da Ikko? Akwai mai faɗawa ruwanmu can? Wa ya ba ka, na ce?"

Na ɗage allura daga faifan. Ta ce, "Ko karyewar kiran ba ka iya ba," ta koma ciki. Ta zubo mini tuwo da miyar kifi, ta karɓi turmin zanen da na kawo ta yi godiya. Da zan tafi ta biyo ni har wurin babur ta ce in je in ce su daina sawa. Na ce to.

Na faɗa musu a Ikko, wannan kam na faɗa. Ƙaton ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ko Gwamna bai isa ya bi gida-gida ya karɓe faifai ba. Sannan ya kawo zancen faifai na biyu, muka shiga wannan.

A ƙauye kuwa rediyo ta yawaita, kifi ya samu a sabon tabki, masunta sun saya. Da farko in aka sa waƙar sai wani tsoho ya zabura, a yi masa dariya. Daga baya ba mai ɗaga kai. Mata na yin kiran a bakin turmi don nishaɗi. Inna ta kai ƙara wurin mai gari, ya ce rediyo ba talakansa ba ce.

Tabkin ba kogin da suka sani ba ne. Kogi suna da labarin kowane dutse nasa. Wannan faɗi ne kawai, iska na tasowa da la'asar ba sallama, ga itatuwa tsaye a ƙarƙashin ruwa ba a ganinsu. Wata ranar kasuwar Wara, Kawu na dawowa da maƙwabcinsa, iska ta maka jirginsu kan wani kututture. Ana hango su daga gaɓa. Inna na wanki a wurin, ita kaɗai. Ba dutse, sai ta hau bayan wani jirgi da aka kifa don gyara, ta yi kiran.

An ji. Kowa ya ji. Masu gyaran taru a inuwa suka ce yau kuma rediyon wa ke da sabon batir. Ta yi har muryar ta dishe, sannan ta sauko, tsohuwa, ta shiga ƙauye da gudu tana cakumar maza a riga. Suka tarar da maƙwabcin maƙale a reshe. Kawu sai daga baya ruwa ya maido shi.

Ina Kaduna aka aiko. Na zo zaman makoki na shirya a zage ni, da an zage ni da na rama, da na huta. Ba wanda ya ta da zancen, sai gaisuwa kawai. Kwana ya ƙare, Allah ya jiƙansa, ya hanya, ya birni. Suka ba ni tabarma mai kyau. Sun riga sun rataya tsohon ƙarfen tayar mota a bishiyar bakin ruwa, kowa ya ga haɗari ya buga. Inna ta amsa gaisuwata da raɗa, muryar ba ta dawo ba tukuna. Da ta dawo ma ba ta ƙara kiran ba.

Ran da zan koma, maƙwabcin ya raka ni. Mutum ne marar mugunta, so yake ya sanyaya mini rai.

"Kawunka bai tsorata ba, ka sani. Reshe guda muka riƙe. Da muka ji Inna, ya ce mini, riƙe da kyau, ga su nan tafe. Har dariya ya yi. Ya daɗe yana riƙe, wallahi ya daɗe. Yana ta duban gaɓa."

Na ce Allah ya saka da alheri, na tayar da babur.

A makon nan akwai wasa a Kaduna, an riga an manna hotona a bango. Wuri ya cika har waje. Na yi musu sababbin waƙoƙi, suka yi ta buga tebur suna cewa ta farko, ta farko. Mai wurin ya leƙo ya harare ni. Na ajiye jita, na dafe kunne, na yi.